Darduma Biyu a Najma

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Yayana ya rasu a nan Doha, a nan kuma aka binne shi, cikin ƙasar da ba ta san iyayenmu ba. Yau mako shida ke nan. Na ɗauki biro ne don ina tsoron mantuwa. A garin nan mutum zai cika da safe, kafin mako ya zagayo an kawo wani ya kwanta a gadonsa, an miƙa masa makullin motar da yake ja. Ba na so Yaya ya tafi haka. Rubutuna ba na masu zurfin boko ba ne, a ajin yaƙi da jahilci na koya ina da 'ya'ya uku, duk inda na karkace a yi mini haƙuri.

Ranar zaman makoki a gidan ɗana da ke Thumama, na ce wa surukata ta ɗora shayi tukunya ɗaya, zai isa. Yaya direba ne, ba shi da ofis, ba shi da mata a ƙasar nan, wa zai zo? Kafin la'asar mun ɗora tukunya ta huɗu. Takalma suka cika bakin ƙofa har suka gangara tsakar gida. Ina zaune a ɗakin mata, ƙofa a ɗan buɗe, ina jin komai.

Kafil ɗinsa ya zo, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki a Gharrafa, tsoho ne yana dogara sanda. Ya zauna, sannan ya yi magana, wani ya mayar mana da Hausa. Ya ce shekara ashirin da 'yan kai mutumin nan yana jan sa, bai taɓa ce masa a'a ba sai a kan abu ɗaya, Juma'a. Ya ce, "Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce zan sallame shi. Ya ce to, in bari sai Asabar." Falo ya ɗan yi dariya, shi kuma ya ja gefen ƙyallen kansa ya share ido.

Bayansa mutanen Najma suka fara shigowa, unguwar nan da ma'aikata ke kwana shida shida a ɗaki. Masu gadi, direbobi, masu jiran shago. Waɗansu 'yan gida ne, na ji Kano na ji Sakkwato a bakinsu. Waɗansu kuwa ko sannu ba su iya ba: wani tela ɗan Bangaladash, 'yan Sudan biyu, wani ɗan Pakistan mai jan gemu. Abin da ya ɗaure mini kai, kowanne in ya shafa addu'a sai ya waiga yana neman wani da ido. Wani mai gadi, mutumin Zangon Kumasi, ƙato mai babbar murya, shi ya yi tambayar da Hausa kowa ya ji.

"A cikinku wane ne mai darduma?"

Ɗana ya ce, "Wace darduma?"

"Koriyar nan mana, ta Alhaji. Wadda yake ajiye wa ɗansa injiniya."

Ɗana ya ce shi ne injiniyan, amma bai san zancen wata darduma ba. Mutumin ya dube shi tun daga hula har ƙafa, ya ce, "Ashe da kai a duniya! Wallahi mun ɗauka tsohon nan ƙirƙiro ka ya yi." Wasu suka yi murmushi. Ɗana bai yi ba. Ni kuwa a bayan ƙofa na san rabin zancen, kuma da hannuna a ciki.

Bari in koma baya, don wanda bai san mu ba ya gane.

Ɗan nan nawa ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna nata ne. Ana yaye shi Yaya ya ɗauke shi, da yake Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa suka riƙe shi. Matar Yaya yake ce wa Inna, ni kuma Hajiya, kamar baƙuwa. Ni ma "yaron nan" nake cewa, alhali ga furfura ta fara fito masa a gemu. Da rayuwa ta yi tsanani Yaya ya fito Doha tuƙi, da wannan tuƙin yaron ya yi jami'a. Ni kaina shi ya tura ni yaƙi da jahilci. Ya ce ya gaji da aiko wasiƙa maƙwabta su riga ni jin abin da ke ciki.

Ranar da yaron nan ya sami aiki a wani kamfanin gas a nan, Yaya ya bugo mini waya muryarsa na rawa. Auta yake ce mini, don ni ce ƙarama. Ya ce, "Auta, Allah ya kawo mini ɗana gari ɗaya. Yanzu zan yi Juma'a kafaɗata a jikin tasa." Bayan nan ni ma na zo yi wa surukata wankan jego, da niyyar wata uku. Shekara ta huɗu ke nan ina nan, domin in na tafi babu mai duba jikokina, mata biyu. Ubansu aikin shif yake yi, wani lokaci rana wani lokaci dare. Uwarsu ma'aikaciyar jinya ce, ita ma haka. Sukan haɗu a bakin ƙofa, wannan da jakar fita, waccan da jakar dawowa. Maganar gidan duk a jikin firij take, 'yan takardu a manne: gas ya kusa ƙarewa, malama na neman ɗayanmu. Ƙaramar jikata ta taɓa tambayata, "Kaka, Abba a gidan nan yake kwana?"

Yaya kuwa kwana shida yana hannun mutane, rana ɗaya tak ce tasa, ita ma ya raba ta uku. Yakan ce, "Safiya ta Allah, rana ta mutane, yamma ta ƙafafuna." Ranar Juma'a hannunsa ba ya taɓa sitiyari, ko aron mota aka ba shi ba ya karɓa. Ga masallaci nan a Gharrafa taku kaɗan daga ɗakinsa, da sanyi da shimfiɗa mai laushi, amma sai ya sa farar rigarsa da ya wanke da kansa tun Alhamis, ya hau bas zuwa Najma. Na taɓa ce masa, "Yaya, wannan wahala fa?" Ya ce, "A Gharrafa in na faɗi a sahu sai an duba katina kafin a san ko ni wane ne. A Najma tari na yi wani zai ce sannu Alhaji."

In an idar da sallah sai ya bi ɗakunan ma'aikata. Wane ne ba shi da lafiya, wane ne ya daina fita, wane ne ya rame. Tambayarsa ɗaya ce, kowa ya san ta: "Yaushe rabonka da muryar matarka?" In mutum ya fara cewa aiki ne, sai ya katse shi. "Yalla, maza buga yanzu, ina tsaye." Ba ya gusawa sai ya ji an ce salamu alaikum daga can. Wani ɗan Zariya ya gaya mini a wurin makoki, ya ce yakan ɓuya a bayi in ya ji tafiyar Alhaji, amma da ba don shi ba da aurensa ya mutu tuni.

Daga nan sai ya sake hawa bas ya zo mana Thumama, da ledar gurasar Larabawa da dabino. Ni kuma na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawar da nake ɓoyewa a ƙasan akwati. Ya wanke hannu ya zauna a ƙasa, ba ya cin tuwo a tebur. Ya ce wa babbar jikata, "Matata, yau ma ba ki yi mini kwalliya ba?" Ita kuma ta murguɗa baki ta ce, "Ni ba na auren mai furfura, kuma ba ka da mota." Ya ce, "Motoci uku nake ja!" Ta ce, "Ba naka ba ne." Ya yi dariya har ya ƙware. In ya gama ya miƙe ƙafafu ya jingina da bango, ƙaramar ta hau tana tattaka masa su. Wannan shi ne kason ƙafafun.

Amma duk ranar da ya shigo, kafin ya cire takalmi, sai ya dubi wurin da ɗana ke ajiye nasa. Sannan ya ce, "Ina ɗana?" In ce, "Yana wurin aiki, Yaya." Ya ce, "To."

Ba kowace Juma'a ce take faɗowa a kan yaron nan ba. Abokan aikinsa ne suka gane ba ya cewa a'a, duk mai son hutun Juma'a sai ya musanya da shi. Ogansu ma ya yabe shi a kan haka a gaban mutane. Kwantiraginsu duk shekara biyu ake sabuntawa, kuma ya ga waɗanda aka ce musu khalas, wato aiki ya ƙare, suka kwashe yara daga makaranta a tsakiyar zango. Na ji yana gaya wa matarsa, "Ranar da ka ce a'a, akwai mutum ɗari a layi." Sallah yana yi, ban ce ba ya yi ba. Amma sau da yawa azahar ce a tsaitsaye, a lungun ofis, ido ɗaya a kan na'ura.

Yanzu ga inda hannuna ya shiga. Kowace Alhamis bayan la'asar Yaya yakan bugo mini. Ya tambayi yara, ya tambayi gwiwata, sannan ya ce, "Auta, ki ce wa yaron nan gobe na ajiye masa wuri." Na ce masa ya kira shi da kansa mana. Ya ce a'a, in ya kira, yaron zai zo ne don kunya, shi kuma ba kunya yake nema ba. Da farko na aika ta bakin surukata, sau biyu ko uku, ban ma san ko ta tuna ba a cikin gajiyarta. Daga baya na daina. Ina ganin yadda yake shigowa idanu ja, kafaɗa a sauke, sai in ji ba zan iya ɗora masa wani kaya ba. Ga kuma nauyin baki, ban saba tsayar da shi in ce ga magana ba. Na ɗauka ma "na ajiye masa wuri" zancen baki ne irin na manya. In Yaya ya ce, "Kin faɗa masa?" sai in ce, "Na faɗa, ya ce in ya sami hali zai zo." Ina ganin ina kashe wuta ne ta gefe biyu. Mutane suna yabona da haƙuri. Yau na san wani haƙurin tsoro ne kawai ya yafa mayafi.

Wata Juma'a, yara sun yi barcin rana, Yaya ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba. Lokacin da matarsa ta kwanta ciwo a can gida, hutunsa ya zo, amma ana shirin bikin 'yar kafil, gida na buƙatar direba. Ya bugo mata ya ce ta yi haƙuri sai bayan biki. "Ta ce to. Ke ma kin san ta, komai to." Ranar da ake kai amarya yana cikin jerin motoci aka bugo masa ta cika. Ya ce bai tsaya ba, ya kai mutane har ƙofar otal, ya buɗe musu mota. Mako na zagayowa ya je wurin kafil ya ce daga yau Juma'a tasa ce. Ya ce mini, "Ban san me zan yi da ita ba a lokacin. Na dai san in ban ƙwace rana ɗaya ba, wata rana za a tambaye ni ina na kai shekaruna in ce suna cikin mota."

Sun yi faɗa sau ɗaya, shi da yaron nan, wata uku kafin rasuwarsa. Ran nan Yaya ya shigo ya ga takalman a wurinsu. Fuskarsa ta yi haske, sannan ta sauya, don ya gane mai takalman yana gida bai je ko'ina ba. Aikin dare ya yi, barci ya kwashe shi har aka sauko daga masallaci. Ya fito yana murza ido, ya durƙusa ya gaishe shi. Na kawo tuwo, suka sa hannu kwano ɗaya. Ban daɗe da komawa kicin ba na ji Yaya ya ce, "Ashe kana gida."

"Kawu, dare na yi."

"Makon jiya fa?"

"Rana."

"Shekara ukun nan fa? Kamfanin nan ranar da ka faɗi, kafin a wanke ka sun sa wani a kujerarka. Yaran nan kuwa ba su da wani uba a layi. Matarka ta zama maƙwabciyarka. Ubangijinka kana ba Shi ragowar lokaci, kamar ƙanzo."

Yaron nan ba mai ɗaga murya ba ne, ran nan ma bai ɗaga ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Ya ce, "Kawu, a wurin wa na koya? Ni na riƙe hannun Inna a asibiti. Kwana tara tana kallon ƙofa, duk wanda ya shigo sai ta ɗaga kai. Kana ina? Kana jan motar biki."

Ludayi yana hannuna, na kasa ajiye shi. Na ji ƙarar ruwa, Yaya yana wanke hannu, ko rabin tuwon bai ci ba. Ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Shi ya sa nake gaya maka. Na bi hanyar nan har ƙarshenta, babu kowa a can." Ya sa takalmi. Babbar jikata ta biyo shi tana cewa ai ba a tattaka ƙafa ba, ya shafa kanta ya ce wani makon. Da na fito a lokacin na ce, ku tsaya, laifina ne, saƙon kowa a wurina ya maƙale, da ban san inda zancen zai tsaya ba. Ban fito ba. Na rage wutar miya.

Yaya bai daina zuwa ba. Yaron nan ne ya ƙara cika Juma'o'insa da aiki don kada su haɗu. Alhamis ta ƙarshe Yaya ya bugo kamar kullum. Ya ce, "Kin faɗa masa kuwa?" Na ce na faɗa. Sannan ya ce, "To ki ƙara masa da cewa ban riƙe shi ba. Ɗa ne ya gaya wa ubansa gaskiya. Ki ce wurinsa yana nan." Na ce to. Na ce a raina zan nemi lokacin da ya huce, lokacin da ba a gajiye yake ba.

Talata da hantsi Yaya ya sauke kafil a bakin wani ofis, ya gyara tsayuwar mota, ya kashe ta, ya kifa kansa a kan sitiyari. Surukata ce ta kai ni asibiti. Mun same shi da rai amma ba baki, idonsa yana kan ƙofa. Muka yi ta kiran yaron nan, waya tana ta ƙara a banza, domin a wurin aikinsu ba a shiga da waya, a loka ake kulle ta. Kafin saƙo ya bi ta ofis ya same shi, kafin ya iso, an rufe Yaya da farin ƙyalle. Kwana biyu gawa tana jiran takardu, abin da a gida ba mu taɓa gani ba.

To, a wurin makokin nan, mutumin Zango ya ba da sauran labarin. Ya ce masallacinsu na Najma ba ya ɗaukar jama'a, sahu yakan fito har kan titi. Da zafi kwalta tana ƙona goshi, wanda ba shi da darduma kwali yake nema. Alhaji yakan zo da wuri ya shimfiɗa darduma biyu a inuwar bangon shagon tela: tsohuwa ruwan ƙasa tasa, da koriya a damansa. Duk wanda ya zo zai zauna sai ya ɗaga hannu ya ce, "Da mai ita. Ɗana ne, yana hanya." Yana jan carbi, idonsa a bakin layi. Sai liman ya hau mumbari sannan ya taɓa wanda ya ga ba shi da shimfiɗa ya ce, "Bai sami zuwa ba. Zo." Wani malami ya taɓa yi masa faɗa cewa ba a kama wuri a masallaci. Ya ce, "Malam, a kan kwalta nake, ita kuwa ta gwamnati ce."

Mutumin ya ce, "Ni kaina sau bakwai na yi sallah a kanta. Ni da telan nan har hararar juna muke yi, kowa na addu'a kada ka zo." Ya so a yi dariya, muryarsa ta karye. Telan ya buɗe leda, don a shagonsa Alhaji ke barin su duk mako, ya ajiye dardumomin biyu a gaban ɗana. Na leƙa. Koriyar, wurin sujada ya koɗe ya yi fari, goshin mutane ya cinye shi, babu nasa ko sau ɗaya.

Bayan kwana uku yaron nan ya koma aiki. Ya daina cin abincin gida, ya karɓi duk shif ɗin da aka miƙo masa. Dardumomin suna kan firij inda ya ɗora su, babu mai taɓawa. Ranar kwana goma surukata ta same ni ina tsintar shinkafa, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ta ce, "Hajiya, ina jin tsoro. Ya ce Kawu da fushinsa ya tafi. Ya ce shekara uku yana shimfiɗa darduma a gaban duniya, amma ko sau ɗaya bai aiko a ce masa ya zo ba. Wai so yake mutane su shaida shi ɗan banza ne."

Shinkafar ta zube mini. Na ga abin da shiruna ya haifa: mamaci ana yi masa mummunan zato, rayayye yana cin kansa, maganin duka biyun kuma yana bakina. In na faɗa, zai san uwarsa ta yi shekara uku tana ƙarya tsakaninsa da mutumin da ya fi so. In ban faɗa ba, zai rayu da wannan dutsen har nasa kabarin.

Washegari da safe ya dawo daga aikin dare, ya gaishe ni daga nesa kamar kullum, ya nufi ɗaki. Na kira sunansa. Shekara arba'in da ɗaya sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Ya tsaya ya waiga, yana neman wanda ya yi magana.

Na ce, "Ni ce. Zauna."

Na gaya masa duka, ina kallon tabarma. Da na gama ya ce, "Sau nawa ya aiko?"

"Kowace Alhamis."

"Kowace Alhamis." Ya maimaita a hankali. "Hajiya, me ya sa?"

"Na ga kana gajiya. Kuma bakina bai saba da kai ba."

Na ce akwai saura, na faɗi saƙon ƙarshe yadda Yaya ya faɗe shi, ban ƙara ban rage ba: bai riƙe ka ba, ɗa ne ya gaya wa ubansa gaskiya, wurinka yana nan. Sai ya sa fuskarsa cikin tafin hannu. Irin kukan da ya yi ban taɓa jin namiji ya yi ba. Na so in dafa kansa, hannuna ya tsaya a hanya, bai san wurin ba. Da ya tashi ya ce, "Da kin faɗa mini ko washegari Juma'a, da kwana huɗu gare ni." Ya shiga ɗaki ya rufe.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Yana gaishe ni, amma idonsa ba ya tsayawa a kaina. Ya je ya gaya wa ogansu ba zai ƙara karɓar Juma'ar wani ba, tasa ma yana neman a musanya masa da wata rana. Oga ya ce ya ji, amma ya tuna kwantiraginsa saura wata biyu. Har yanzu ba mu san abin da za a ce ba. Surukata ta fara tambayar makarantu a gida, ko da za a ce khalas. Wani lokaci ina tashi sallar asuba da tunanin ko na rushe musu abinci ne da bakina, bayan na rushe musu zumunci da shiruna.

Amma Juma'ar da ta biyo baya, da hantsi, na ga ya sa farar riga, ya miƙa hannu kan firij ya sauko da ledar. Ya bar makullin mota a kan tebur. Bayan an sauko ya dawo tare da mutumin Zango da telan, ashe tun daren Alhamis ya manna takarda a firij cewa a ƙara tuwo. Mutumin Zango ya tsaya a ƙofar kicin, ya rage muryarsa iyakar yadda zai iya, ya ce, "Mma, yau mai darduma ya zo." Ya ce ɗana ya shimfiɗa biyun a inuwar bangon, ya zauna a kan koriyar, ya bar ta Alhaji a hagunsa. Wani baƙo da kwali a hammata ya tsaya ya nuna ta ya ce, da mai ita? Ɗana ya dubi dardumar. Sannan ya ce, "Mai ita ya riga mu isa. Zauna."

Ran nan bayan sun ci ya jingina da bango ya miƙe ƙafafu. Ƙaramar ta tsaya tana kallonsa daga nesa, ba ta tabbata ba. Uwarta ta ce, "Je ki mana." Ta hau tana tattakawa a hankali.

Jiya Alhamis, bayan la'asar, na sami kaina zaune da waya a cinya ina jira. Ba ta yi ƙara ba.

Ku da kuka san shi, a Najma da Gharrafa da gida, ku sa shi a addu'a, in ya taɓa ɓata muku ku yafe. Ni ma ku roƙa mini, laifina ya fi nasa. Allah ya jiƙan Yaya, ya haɗa shi da matarsa inda babu mai cewa sai bayan biki. Allah ya shimfiɗa masa wuri a inuwa, kamar yadda ya yi shekara uku yana shimfiɗa wa bayinSa. Yaya, na isar da saƙon. Na makara, amma na isar.